Daga Ɓuya Zuwa Aringizo: Waiwaye Kan Ƙidayar Jama'a a Najeriya

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun watan Maris na 2006. Jaririn da aka haifa a makon da malaman ƙidaya suke bi gida-gida ya isa jefa ƙuri'a tun 2024, wata ma cikin 'yan matan da aka haifa a lokacin tana goye da nata ɗan. Duk da haka, kusan kowane lissafi da ake yi a kan 'yan ƙasar nan a kan wancan adadi na mutum 140,431,790 yake tsaye, sai dai a riƙa ɗora masa ƙarin da aka ƙiyasta shekara bayan shekara. In an tayar da zancen ƙidaya a gidan rediyo ko a teburin mai shayi, gardamar ba ta wuce wa ya fi wani yawa, Kano ko Legas, Arewa ko Kudu. Da wuya a ambaci mutanen da waɗannan alƙaluma suka zame musu kayan aikin yau da kullum: jami'in rigakafi da zai rubuta yawan allurar da ƙaramar hukumarsa ke buƙata, sakataren ilimi da zai faɗi ajujuwa nawa za a gina, injiniyan da zai auna girman bututun ruwan sabuwar unguwa, malamin gona da zai raba iri da taki. A ganina tarihin ƙidaya a ƙasar nan tarihi ne na yadda aka karɓe wannan kayan aiki daga hannun ma'aikaci aka mayar da shi abin rabon kujeru da kuɗi. Gyaran da aka samu a fannin ƙididdiga a shekarun baya-bayan nan ba kaɗan ba ne, amma bai kai ga tushen ciwon ba.

A zamanin Turawa, ƙirga mutum na nufin ɗora masa haraji. Malamin haraji kan zo da littafinsa, dagaci da masu unguwanni su jera masa magidanta da baligan da ke ƙarƙashinsu, a yanka wa gari abin da zai biya, a kai Baitulmali. Makiyayi kuma a ƙirga shanunsa a karɓi jangali. Wanda ya san haka ba zai yi ɗokin shiga littafi ba. Saurayin da ya fara tasawa sai a ce yaro ne, garke kuma a kora rabinsa daji kafin masu ƙirga su iso, ga kuma kunyar Bahaushe da Bafillatani ta faɗin yawan 'ya'ya ko ambaton sunan ɗan fari. Ba a Arewa kaɗai abin ya tsaya ba. Boren matan Aba na 1929 ya tashi ne daga garin Oloko, lokacin da aka aiko a ƙirga mata da dabbobi, matan suka fahimci cewa haraji ne zai biyo baya. Saboda haka ƙidayar 1952 zuwa 1953, wadda ta ba da kusan mutum miliyan 30.4, Arewa na da miliyan 16.8 a ciki, masana sun daɗe da yarda cewa ta gaza ainihin yawan jama'a. Amma a lura da abu guda. Littafin haraji, duk da zaluncin da ke tattare da shi, ana sabunta shi kowace shekara, kuma hakimi ya san ƙauyukansa ɗaya bayan ɗaya. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano a 1979, ta Balarabe Musa ma ta yi haka a Kaduna, talaka ya huta, kuma ya cancanci ya huta. Sai dai ba a kawo wata rajista mai amfanar jama'a ta maye gurbin littafin da aka rufe ba.

Juyin ya zo ne da siyasar zaɓe. Da aka ce yawan kujerun majalisar tarayya zai bi yawan mutanen kowane yanki, sai wanda jiya yake ɓoye ɗansa ya koma neman a rubuta masa har wanda ba a haifa ba. Ƙidayar 1962 ta nuna wasu sassan Gabas da Yamma sun ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari a shekara goma, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka sake bin wasu wurare, Arewa ma adadinta ya yi tsalle, daga ƙarshe aka soke ta baki ɗaya. Ta 1963 ta ba da miliyan 55.7, Arewa na da miliyan 29.8. Firimiyan Gabas, Michael Okpara, ya ƙi amincewa, gwamnatinsa ta garzaya Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumi. Ba sai mutum ya goyi bayan wani yanki ba kafin ya ga matsalar. Daga miliyan 30.4 zuwa 55.7 ƙari ne na sama da kashi 80 cikin ɗari a shekara goma da 'yan kai, kuma babu al'ummar da haihuwa kaɗai za ta yi wa haka. Wani ɓangare na tazarar ɓuyan da aka yi wa Turawa ne, wani ɓangaren kuma aringizon da kowane yanki ya yi don kada a bar shi a baya. Rigimar wannan ƙidaya na cikin abubuwan da suka raba ƙawancen jam'iyyun NPC da NCNC, suka dagula zaɓen 1964, suka raunana Jamhuriya ta Farko.

Abin da ya biyo baya bai fi daɗi ba. Ƙidayar 1973 a zamanin Janar Yakubu Gowon ta ba da miliyan 79.8, aka ƙi karɓarta, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Wannan ya sa adadin 1963, wanda kowa ke shakka, shi aka ci gaba da tsara ƙasa da shi har shekara 28. A cikin waɗannan shekaru aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, inda yaran da suka fito rajista suka zarce abin da aka tanada nesa ba kusa ba, aka rasa ajujuwa da ƙwararrun malamai. A Nuwamban 1991, ƙarƙashin jagorancin Shehu Ahmadu Musa, Makaman Nupe, aka hana zirga-zirga aka ƙirga mutane a gidajensu, aka cire tambayar addini da ƙabila don rage zafin gasa. Sakamakon ya girgiza kowa: miliyan 88.9, alhali hukumomin duniya suna hasashen sama da miliyan 110. A 2006 kuma aka ba Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce nata lissafin ya nuna mata miliyan 17.5. Ƙidayar da ya kamata a yi a 2016 ba a yi ba. Wadda aka sa wa rana a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki.

Kuskure ne a ɗora wannan duka a kan rashin gaskiyar ɗaiɗaikun mutane, domin tsarin ne da kansa yake saka wa mai aringizo. A rabon kuɗin asusun tarayya tsakanin jihohi, kashi 30 cikin ɗari yawan jama'a ake dubawa, bayan kashi 40 da ake rabawa daidai wa daida. Yawan mazaɓu da ƙirƙirar ƙananan hukumomi, waɗanda kowace cikin 774 ɗin nan take da kasonta na wata-wata, duk da yawan jama'a ake kafa musu hujja. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana da kwamishina guda daga kowace jiha da Abuja, kuma duk nagartarsa ya san abin da mutanen gida ke jira daga gare shi. Sannan sashe na 213 na kundin tsarin mulki ya ce rahoton ƙidaya sai ya bi ta Majalisar Magabata, wadda dukkan gwamnoni ke cikinta, kafin shugaban ƙasa ya karɓa ko ya yi watsi da shi. Ke nan waɗanda kuɗin jihohinsu zai ƙaru ko ya ragu saboda adadin su ne masu ba da shawara kan ingancinsa. A irin wannan tsari, gwamnan da ya bari aka ƙirga jiharsa tsakani da Allah, yana zargin maƙwabtansa sun ƙara, zai ga kamar ya cuci mutanensa ne. Shugaban ƙasar da ya hango rigimar da sakamako zai haifar kuwa, ɗagewa ta fi masa sauƙi.

To, wa ke biyan kuɗin wannan ɗagewa? A duba yadda jami'in lafiya na ƙaramar hukuma yake aiki. Ana ɗaukar adadin 2006 na yankinsa, a ɗora masa ƙarin shekara-shekara, wanda a matakin ƙasa aka sa shi kashi 3.2 cikin ɗari, a ce kaza daga ciki jarirai ne 'yan ƙasa da shekara guda, kaza mata masu juna biyu. Da wannan ake aiko masa allurai da gidajen sauro, da shi kuma ake auna ƙoƙarinsa. Lissafin yana ɗauka cewa kowa na nan inda aka bar shi a 2006. Amma rikicin Boko Haram ya raba sama da mutum miliyan 2 da muhallansu, Maiduguri ta cika ta batse, wasu garuruwan arewacin Borno suka zama kufai, wasu mutanen suka tsallaka Diffa ko sansanin Minawao a Kamaru. 'Yan bindiga sun kori ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, wasu suka shige Gusau, wasu suka nufi jihar Maraɗi. Unguwannin bayan garin Kano da garuruwan da ke kewaye da Abuja, irin su Mararaba da Suleja, sun ninka kansu. Inda aka ƙiyasta mutane ƙasa da yadda suke, allura takan ƙare alhali takarda na nuna an yi wa kowa, har a ga rahoton da ya haura kashi ɗari cikin ɗari. Inda aka ƙiyasta fiye da kima, ma'aikaciyar da ta yi wa kowane yaro a ƙauyenta sai a ce ta gaza, kuma wanda ake tsawata wa kan adadin da ba zai taɓa cikawa ba, wata rana zai cike takarda da abin da ake son gani. Binciken gida-gida na 2016 zuwa 2017 ya tona wannan: yayin da rahotannin ofis ke nuna sama da kashi 90, sai aka tarar kashi 33 ne kacal na yara suka sami allura ta uku ta rigakafin cututtuka biyar, a Sakkwato kuwa kashi 3. Sai da hukumar lafiya a matakin farko ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafi a 2017.

Masu yaƙi da shan inna sun riga kowa gane cewa ba za su iya jiran ƙidaya ba. Daga 2012, da tallafin Gidauniyar Gates, suka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam suna zana kowane ƙauye da ruga a jihohin Arewa, suna ba masu ɗiga maganin wayoyin da ke nuna inda suka taka. Nan aka gano unguwanni da rugage da ba sa cikin taswirar hannu da ake aiki da ita, wato yaransu ba sa cikin lissafin kowa. Wannan aiki na cikin dalilan da suka sa aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Najeriya a watan Agustan 2020. Nasara ce babba, amma tana ɗauke da darasi mai ɗaci, domin sai da wani shiri mai kuɗin waje ya gina nasa lissafin kafin ya iya aikinsa. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ba shi da gidauniyar da za ta yi masa haka.

Adalci ne a faɗi cewa a wani gefen an ci gaba ƙwarai. Tsohon Ofishin Ƙididdiga na Tarayya ya yi shekaru yana fitar da rahotanni a makare, a cikin littattafan da sai mai hanya yake samu. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta ba Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, gindin zama, kuma a shekara goman da Yemi Kale ya shugabance ta, daga 2011 zuwa 2021, alƙaluman farashi da kasuwanci da kuɗin shigar jihohi suka koma fita a kan kari, kowa na iya saukewa daga intanet. A watan Afrilun 2014 hukumar ta sabunta ma'aunin tattalin arziki, ta matsar da shekarar da ake gwadawa da ita daga 1990 zuwa 2010, sai arzikin da ƙasa ta samar a 2013 ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Ba wanda ya ƙara arziki a daren. Tsohon ma'aunin ne aka gina tun kafin wayar salula da masana'antar fina-finai su bunƙasa. Hukumar ta kuma fitar da alƙaluman da ba su yi wa masu mulki daɗi ba, kuma wannan shi ne babban abin yabonta. Ita ta sanar da karyewar tattalin arziki a 2016, ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, ta kuma ce a 2022 mutum miliyan 133, kashi 63 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa.

Amma ko wannan adadi na ƙarshe ya nuna inda gizo ke saƙa. Kashi 63 ɗin daga binciken gidaje ya fito, kuma ana iya dogara da shi gwargwado. Miliyan 133 ɗin kuwa an same shi ne ta ninka wancan kaso da ƙiyasin yawan jama'a, wanda ya samo asali daga 2006. Haka duk binciken samfuri yake, sai an sami cikakken jerin yankuna da yawan gidajensu kafin a zaɓi waɗanda za a ziyarta, kuma binciken lafiya da haihuwa na 2018, wanda ya ce yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar, daga jerin ƙidayar 2006 ya zaɓi nasa. Sannan irin waɗannan bincike sukan tsaya a matakin jiha, ba sa iya gaya wa kowa halin da mazaɓa kaza take ciki. Mafi yawansu kuma da kuɗin waje ake yin su. Da gwamnatin Amurka ta yanke tallafin shirin binciken lafiya na ƙasashe masu tasowa a farkon 2025, likitoci da masu tsare-tsare a ƙasashe da dama suka farka suka ga cewa madogararsu ta shekaru tana hannun wata majalisa da ba su suka zaɓe ta ba.

Akwai masu cewa duk alƙaluman gwamnati dafaffu ne, kuma suna da abin nunawa. A 2023 rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1, a farkon 2025 hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 a Disamba zuwa 24.48 a Janairu, alhali ba wanda ya ga sauƙi a kasuwa. Ban yarda cewa ƙarya aka shirga ba. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi marar aiki. Sabon tsarin, wanda shi ne na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, yana ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa guda a mako a matsayin mai aiki. Kwandon kayan da ake auna farashi da shi kuma na 2009 ne, shi ya sa aka sabunta shi a farkon 2025. Sai dai mai zargin bai yi laifi ba in ya ƙi natsuwa. In aka sauya mudu a kasuwa, ko da sabon ya fi tsohon daidai, haƙƙin mai awo ne a ajiye su gefe da gefe na wani lokaci, a nuna masa nawa wannan yake a cikin wancan. Masanin tattalin arziki a banki, wakilin ƙungiyar ƙwadago da ke zaman ƙarin albashi, ɗan jaridar da ke son kwatanta bana da bara, duk jerin shekaru suke buƙata wanda bai yanke a tsakiya ba. Kuma a ƙasar da sama da kashi 90 na masu aiki ke cikin sana'o'in da ba su da rajista, inda mai digiri ke tura baro don kada ya kwana da yunwa, kashi 4.1 bai amsa tambayar da jama'a ke yi ba, ko da ya amsa ta masana. Shi kansa Yemi Kale ya fito fili ya soki wannan ma'auni. Shekarun rigimar ƙidaya sun cinye amanar da hukuma ke buƙata a irin wannan lokaci, shi ya sa ko gyara na gaskiya ake yi masa kallon maguɗi.

Wasu kuma na ganin zamani ya wuce ƙidayar gida-gida, tunda akwai lambar shaidar ɗan ƙasa da ta haura mutum miliyan 100, da rajistar masu zaɓe miliyan 93.4 a 2023, da layukan waya, da tauraron ɗan'adam. Kowanne yana da amfaninsa, amma a duba wa yake bari a waje. Rajistar zaɓe ba ta da yara, kuma ba a cika cire matattu daga cikinta ba. Lambar shaida ta fi samuwa ga mai asusun banki da waya da ɗalibin da zai zana jarrabawa. Matar da ke kulle a ƙauye, da almajiri, da makiyayi, da jaririn da aka haifa a ɗaki, su ne na ƙarshen shiga, kuma su ne waɗanda ma'aikacin lafiya da na ilimi suka fi nema. Hoton sama yana ƙirga rufin ɗaki, ba ya faɗin mutum nawa ke kwana a ciki, balle shekarunsu ko karatunsu, sai an gwada shi da ƙirgen ƙasa. Batun tsada da tsaro ya fi nauyi. Gwamnati ta ce ƙidayar 2023 za ta ci naira biliyan 869, kuma akwai dazukan da ba za a tura malamin makaranta da kwamfutar hannu ba. Amma Burkina Faso ta yi tata a 2019, Mali a 2022, dukansu cikin rikici, kuma Burkina ta cike wuraren da ba a iya shiga ba da ƙiyasin hotunan sama, ta kuma faɗa a fili cewa ƙiyasi ne. Gana ta ƙirga mutum miliyan 30.8 a 2021, har da mazauna zangunanta. A nan kuwa an riga an kashe kusan naira biliyan 200 a shirye-shirye, an zana yankunan ƙidaya na kusan dukkan ƙananan hukumomi, an sayi na'urori, kuma duk shekarar da ta wuce taswirorin na ƙara tsufa.

A nan akwai maganar da ta shafe mu 'yan Arewa kai tsaye. Mun saba ɗaukar ƙidaya a matsayin kariyar rinjayenmu, shi ya sa da shugaban Hukumar Ƙidaya, Festus Odimegwu, ya ce a 2013 ba a taɓa yin sahihiyar ƙidaya a ƙasar nan ba, aka yi masa ca har ya bar kujerar. Ana iya sukar yadda ya yi maganar, kuma masu cewa ƙasa mai fari ba za ta fi bakin teku jama'a ba sun manta da yawan haihuwa a nan, da kuma cewa ƙasar Kano ta daɗe tana cikin wurare mafiya cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Nijar, wadda ba ta da gasar Kudu da Arewa irin tamu, ta ƙirga mutum miliyan 17.1 a 2012, mafi yawansu a jihohin da ke manne da iyakarmu. In yawanmu gaskiya ne, ƙidaya mai tsafta ba za ta rage mu ba. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne cewa rashin adadi ya fi cutar da inda buƙata ta fi yawa. Rahoton talauci na 2022 ya sa kashi 65 na matalautan ƙasar a Arewa, Sakkwato na da kashi 91. Yaran da ba sa zuwa makaranta, wani rahoto ya ce miliyan 10.5, wani ya ce miliyan 20, gwargwadon shekarun da kowa ya ɗauka, amma babu mai iya ce maka ga adadinsu a gundumar kaza. Hatta dabbobi, waɗanda rikicin manoma da makiyayi ke kewaye da su, cikakken ƙirgen da aka daɗe ana jingina da shi na 1990 ne, wanda aka yi da jirgin sama aka sami shanu kusan miliyan 13.9, kuma ƙidayar noma ta ƙasa ta yi kusan shekara 30 ba a sake ta ba kafin 2022.

Tunda tsarin rabo ne ya lalata ƙidaya, a nan ya kamata gyara ya fara. Indiya ta fuskanci irin wannan fargaba tsakanin jihohinta, sai a 1976 ta daskarar da rabon kujerun majalisar tarayya a kan ƙidayar 1971, ta kuma tsawaita hakan a 2001, don kada sabon adadi ya zama barazana ga kowa. Hanyar tana da nata aibin, domin jihohin da suka fi ƙaruwa sun ga an tauye su, kuma ita ma Indiya ta makara da ƙidayar 2021. Amma ta nuna cewa ana iya raba ranar ƙirge da ranar rabo. Da za a yi doka tun kafin a fita cewa sakamakon ƙidaya mai zuwa ba zai taɓa kason kowace jiha ba sai bayan wasu shekaru, kuma a hankali, da an rage wa gwamnoni dalilin sa hannu. Da za a bar hukunci kan ingancin adadi ga binciken bayan ƙidaya da masana masu zaman kansu, a wallafa shi har da kurakuran da aka gano, da Majalisar Magabata ba ta zama alƙali a shari'ar da take da rabo a ciki ba. Wani zai ce wannan tauye haƙƙin jihar da ta ƙaru da gaske ne. Haka ne, na ɗan lokaci. Amma a yanzu ma da adadin 2006 ake biyan ta, kuma ba ta da ranar da za a sauya.

Ɗaya gyaran ba ya buƙatar jiran Abuja. Wani binciken gida-gida na 2021 ya nuna kashi 57 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, rajistar mutuwa kuwa ta fi haka rauni nesa. Alhali a ƙasar Hausa ba a haihuwa a ɓoye: ungozoma ta sani, limamin da ya raɗa suna ran bakwai ya sani, wanzami ya sani, mai unguwa ya sani, kuma ba a kai gawa makwanci sai da jama'a. Jihar da ta ba masu unguwanni littafi ko waya da ɗan alawus, ta haɗa su da cibiyar rajista ta Hukumar Ƙidaya da asibitin mazaɓa, ta kuma tabbatar wa jama'a cewa ba haraji ke biye ba, cikin 'yan shekaru jami'in rigakafinta zai san jarirai nawa aka haifa a kowace gunduma a watan jiya, sakataren iliminta kuma zai san yara nawa za su nemi aji ɗaya nan da shekara shida.